Daga Tawa zuwa filin jirgin Diori Hamani na Yamai

Mai fitowa daga Tawa a mota yana ganin filin jirgin Yamai kafin ya ga Yamai ɗin kanta. Hanyar ce ta zo da haka. In an baro Tawa aka faɗo Tsarnawa, sai a hau babbar kwalta ta ɗaya, a wuce Ƙwanni, Dogon Dutsi, Dosso, Birnin Gaure da Kure, kimanin kilomita 550 gaba ɗaya. Ana gab da shiga gari ne shingen filin yake bayyana a hannun dama, da fitilunsa da hasumiyarsa. Daga nan zuwa tsakiyar birni saura wajen kilomita 9.

Na shigo ranar Litinin da la'asar cikin watan Janairu, hazo ya rufe gari, rana ta yi ja kamar an shafa mata jan kasa. Tikitina ya ce Talata, ƙarfe biyu da ƴan mintoci na dare. A nan ne matafiya daga jihohi suka fi yin asara, shi ya sa zan fara da shi. Ƙarfe biyun daren Talata a lissafin jirgi, shi ne daren da muke kwana daga Litinin mu wayi gari Talata. Da sha biyun dare ta buga, kwanan wata ya canja. Wanda ya karanta "Talata" ya taso daga Tawa ko Maraɗi da asubahin Talata, yana ganin zai iso da yamma ya huta, jirginsa ya tashi tun kafin ya shiga mota. Ka duba kwanan wata da awa tare, in awar ta faɗa tsakanin sha biyun dare da asuba, to ka kasance a filin tun daren jajibiri. Kuma duk awar da ke kan tikiti awar garin da aka ambata ce. Wagadugu, Lome da Abijan suna bayanmu da awa ɗaya, Istanbul, Adis Ababa da Jidda suna gabanmu da awa biyu, mu da Najeriya agogonmu ɗaya.

Filin yana ɗauke da sunan Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, wanda ya riƙe mulki daga 1960 har juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da ya kawo Seyni Kountché. A takardun kamfanonin jirage sunan filin harufa uku ne, NIM, kuma su za ka gani a jikin takardar da ake liƙa wa akwatinka in kana dawowa. Matuƙa da masu hasumiya suna da nasu na daban, DRRN. Alaƙar Yamai da jirgin sama kuwa ta girmi ƴancin kai nesa ba kusa ba. Turawan mulkin mallaka sun maido babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma a shekarun 1930 jiragen wasiƙu da fasinja masu fitowa daga Aljeriya, su ratsa hamada su bi ta Gawo, suna yada zango a nan kafin su nufi Damagaram da tafkin Cadi har Kwango. Jiragen wancan zamani ba sa iya dogon zango, dole su sauka su sha mai, kuma gari a bakin kogi, a ƙarshen hamada, shi ne mazaunin da ya dace. Bayan ƴancin kai Nijar tana cikin ƙasashen da suka haɗu suka kafa Air Afrique a 1961, kamfanin da ya riƙe zirga-zirgar yankinmu shekara arba'in kafin ya durƙushe a 2002. Dattawan da suka yi tafiya a lokacin har yau in suna labarin jirgi, da sunansa suke farawa. An kuma yi Air Niger na cikin gida, shi ma ya daɗe da rufewa.

Ginin da matafiyi ke shiga yau sabo ne. An ƙaddamar da shi a watan Yunin 2019, zamanin Mahamadou Issoufou, ana saura ƴan makonni a yi taron ƙolin Tarayyar Afirka da Yamai ta karɓa a watan Yuli, taron da aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar. Kamfanin Summa na Turkiyya ya yi aikin cikin ƙasa da shekara ɗaya, a kan kuɗi kimanin miliyar ɗari na sefa, da yarjejeniyar cewa zai riƙe filin ya tafiyar da shi shekara 30 ya maida kuɗinsa. An yi sabon zauren fasinja, da masaukin shugabanni, da wurin kayan dako, aka faɗaɗa inda jirage ke tsayawa, aka ƙara wa titin jirgi tsawo. Yarjejeniya irin wannan tana da farashi, kuma matafiyi ne ke biyansa. Ka buɗe takardar tikitinka ka duba layin haraji da kuɗin fili, za ka ga ba ƙaramin kaso ba ne a cikin abin da ka biya. A ganina ya kamata kowane fasinja ya san haka, don ginin da yake sha'awa da aljihunsa ake biyan bashinsa, kuma yana da haƙƙin ya tarar da shi a tsabtace, na'urori suna aiki.

A 2019 ɗin nan aka buɗe babbar hanyar da ta haɗa filin da tsakiyar gari. Da dare, in hanya ta yi sarari, minti ashirin sun isa daga wajen babbar kasuwa. Da magariba kuwa, lokacin da manyan motoci da ƴan kabu-kabu da masu komawa Talaje da unguwar Ayaropor suka haɗu, ka ninka. Ga kuma shingayen jami'an tsaro kafin a kai ƙofa, inda ake tsayar da mota, a buɗe bayanta, a tambayi mai tafiya. Ka riƙe fasfo da tikiti a hannu tun daga gida, kada su kasance a ƙasan akwati. Na bar masauki ƙarfe goma da rabi, na kasance a bakin zaure sha ɗaya da kwata, awa uku kafin tashi. Awa ukun nan ba ɓata lokaci ba ne. Yawancin kamfanoni suna rufe awon kaya awa ɗaya kafin tashi, kuma in kwamfuta ta rufe, ma'aikacin da ke gabanka ba shi da ikon buɗe ta ko da ɗan'uwanka ne.

Masu rakiya a waje suke tsayawa. A nan ake bankwana, a nan ake addu'a, a nan kuma wani da ba ka sani ba zai matso da ƙunshi a hannu ya ce, "Alhaji, don Allah ka taimaka ka miƙa wa ɗana wannan, magani ne kawai." Kada ka karɓa. Duk abin da aka samu a kayanka naka ne a idon doka, a nan da can inda za ka sauka, kuma rantsuwa ba ta fidda mutum a wannan wuri.

A ƙofa ana haska kaya gaba ɗaya a na'ura, sannan a shiga layin awo. Abu uku ake dubawa a teburin: nauyi, suna da takardu. Nauyin kowane kamfani da nasa, kuma yana rubuce a tikiti, amma abin da aka fi gani a dogon zango shi ne akwati ɗaya ko biyu, kowane kilo 23, da jakar hannu ta kilo 7 ko 8. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne ana auna kowane akwati shi kaɗai. In an ba ka biyu masu kilo 23, ba za ka kawo ɗaya mai 30 da ɗaya mai 16 ka ce ai jimilla ɗaya ce ba. Kuma akwatin da ya haura kilo 32 ba a karɓarsa ko da kuɗi, saboda mutane ne ke ɗagawa da hannu. A daren nan wata hajiya da ke gabana ta zo da akwati mai kilo 27. Ma'aikaciyar ta ce mata, "Hajiya, ki rage kilo huɗu ki maida cikin ɗayan, ya fi miki sauƙi da biya." Nan ta durƙusa ta buɗe akwati a gaban jama'a, ana fitar da garin yaji da atamfa. Ma'aunin hannu mai ƙugiya da ake sayarwa a kasuwa yana raba mutum da wannan, in an auna tun daga gida aka bar rarar rabin kilo, don ma'auni da ma'auni sukan saɓa.

Maganar suna ta fi nauyi tsanani, don nauyi ana gyara shi a wurin. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri: Mahamadou, Mamadou, Mahaman, Mohamed, ko Aboubacar da Boubacar. Mai sayar da tikiti in ya rubuta da ka, ko ya sa sunan uba a gurbin sunan yanka, sai a zo teburin awo a tarar tikiti da fasfo ba su yi daidai ba. Ranar da ka sayi tikiti ka ɗora shi kan fasfo ka bi harafi bayan harafi, musamman layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto da na'ura ke karantawa. Gyara a ranar da aka saya abu ne mai sauƙi, gyara ƙarfe sha biyun dare kuwa sau da yawa sabon tikiti ne. Fasfo kuma ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare. In za ka canja jirgi a wata ƙasa, ka bincika tun da wuri ko ana bukatar bizar wucewa, don kamfani ba zai ɗauke ka ba in ya san can za a maido ka a kan kuɗinsa.

Sai katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Allurar shawara tana fara aiki a takarda kwana goma bayan an yi ta, saboda haka wanda ya yi ta jiya katinsa bai nuna ba tukuna. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, ba sai an sake duk shekara goma ba kamar da. Mai zuwa Umra ko Hajji yana da ƙarin ta sanƙarau, ita ma aƙalla kwana goma kafin tafiya.

Abin da ke shiga akwati da abin da ke zama a hannu yana da dalili, kuma wanda ya san dalilin ba ya mantawa. Batirin cajin waya da duk wani batirin lityom da ba ya cikin na'ura, a jakar hannu yake tafiya. In ya yi zafi ya kama wuta a cikin ɗakin fasinja, ma'aikata za su gani su kashe, in kuwa a rumbun kaya ne ƙarƙashin jirgi, babu mai kai hannu. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Mai 20,000 yana wucewa, manyan nan da ake saya saboda ɗaukewar wuta kuwa sukan tsaya a filin. Ruwa, turare, man shafawa da zuma a jakar hannu, kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, kuma girman kwalbar ake dubawa, ko da abin da ke ciki ya kusa ƙarewa. Turaren wuta da humra masu yawa a naɗe su da kyau a sa a akwati. Wuƙa, almakashi da askar aski su ma akwati. Kilishi kuwa, wanda kusan kowane ɗan Nijar ke so ya kai wa nasa tsaraba, a nan ba mai hana ka fita da shi, amma ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigo da nama da madara a kayan matafiyi, har da cuku. Can za a karɓe, wani lokaci da tara a kai.

In an gama awo za a ba ka katin shiga jirgi da ƴar takarda mai lamba ta kowane akwati. Ka karanta harufa ukun da ke jikinta kafin akwatin ya shige: CMN Kazablanka ce, IST Istanbul, ADD Adis Ababa, LFW Lome, JED Jidda. In tafiyarka zango biyu ce, ka tambaya ko kayan za su wuce har ƙarshe ko sai ka karɓa a tsakiya. Ƴar takardar nan kuma ka adana ta kamar kuɗi.

Daga nan sai ƴan sandan iyaka su duba fasfo su buga hatimi. Tun 29 ga Janairun 2025, ranar da ficewar Nijar, Mali da Burkina daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata, an fito da fasfon AES, ƙawancen ƙasashen ukun, amma tsohon yana aiki har ranar da wa'adinsa ya cika. Mai ɗauke da kuɗi masu yawa, musamman ƴan kasuwa masu zuwa sarin kaya Istanbul ko Dubai, ya bayyana su ga ƴan duwan da takardar banki ko ta wurin canji. Ɓoye su cikin kaya shi ke jawo a riƙe su gaba ɗaya. Bayan binciken ƙarshe, inda ake cire ɗamara da agogo da kwamfuta, sai a hau zauren jira. Akwai wurin salla, da wurin shan shayi, da ƴan kantuna. Farashin ciki ba na gari ba ne, gara mutum ya ci tuwonsa tun a gida. Sanyin na'ura kuma da tsakar dare a watan Janairu yana ratsa ƙashi, a zo da rigar sanyi a hannu.

Ta gilashin zauren ana hango fitilun titin jirgi, kuma a wurina nan ne ainihin filin yake. Babban titin ya miƙe daga yamma zuwa gabas, shi ya sa lambarsa 09 a kai ɗaya, 27 a ɗaya kan. Lambar daga ma'aunin alƙibla aka ɗauko ta: digiri 90 gabas ke nan, 270 yamma, aka yar da sifilin ƙarshe. Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, don iskar da ke bugo shi ta gaba tana taimakon fukafukai su ɗauke shi tun bai ci titi da yawa ba. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, saboda haka jirage sukan fuskanci gabas. Da damina iska ta juyo daga kudu maso yamma, sai a fi amfani da ɗaya kan. Mazauna unguwannin da ke kusa sun san wannan da kunnensu ko ba su taɓa shiga jirgi ba.

Tsawon titin da mita 3,000 ne, aikin 2019 ya kai shi 3,800. Mita 800 ɗin nan suna da amfani a zafin Yamai. Filin yana kan mita 223 ne kawai daga doron teku, ba tudu ba ne. Amma iska in ta yi zafi sai ta saki, ta yi shara-shara. Tsakanin digiri 15 da digiri 45, kaurinta yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Injin yana shaƙar iska kaɗan, ƙarfinsa ya ragu, fukafuki ma ba ya samun abin da zai dafa sosai. Da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 42, jirgi yana jin kamar daga tudu mai tsayin mita 1,300 zai tashi. Dole ya yi gudu mai tsawo kafin ya ɗaga, in titi bai isa ba kuma sai a rage masa nauyi: ko mai, ko kayan dako, ko akwatunan fasinja. Wanda ya taɓa sauka ya tarar an bar kayansa a baya da bazara, sau da yawa dalilin ke nan. Wannan yana cikin abin da ya sa manyan jirage suka fi son dare, ko da yake babban dalilin shi ne kamfanoni suna so su isa Kazablanka ko Istanbul da safe, fasinja su tarar da jiragen da za su wuce da su gaba.

Hazo matsalarsa daban. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, takan rage nisan gani har ya koma ƙasa da kilomita ɗaya. Tashi bai cika gagara ba, sauka ce ke da sharaɗi. Na'urorin ƙasa suna jagorantar jirgi har ya kusa, amma akwai tsayin da in matuƙi ya kai bai ga fitilun titi ba, doka ta ce ya sake ɗagawa. Ya sake gwadawa, ko ya karkata zuwa wani fili, galibi Wagadugu da ke kusa. In jirgin da zai ɗauke ka bai sauko ba, kai ma ba ka tashi, ko da sama a buɗe take a inda za ka. Ƙananan filayen jihohi irin na Tawa, Maraɗi da Damagaram sun fi jin wannan, shi ya sa jirgin cikin gida da hunturu ba abin da za ka ɗaura tafiyar ƙasar waje a kansa ba ne a rana ɗaya. Da damina kuma hadarinmu daga gabas yake tasowa, a jere kamar bango, iska da jar ƙura a gaba, ruwa a baya. Ba mai tashi ko sauka cikin wannan. Alherinsa shi ne ba ya daɗewa, awa ɗaya ko biyu ya wuce.

Masu lura da duk wannan ma'aikatan ASECNA ne, hukumar da ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci suka kafa a 1959, mai hedkwata a Dakar. Aikinsu a Yamai ya wuce jiragen da ke sauka a nan. Cibiyar Yamai tana riƙe da wani babban yanki na sararin sama da ya haɗa yammacin Nijar, Burkina da wani sashe na Mali, kuma jirage da yawa masu tafiya tsakanin Turai da kudancin nahiya ta nan suke ratsawa da dare, suna magana da Yamai ba tare da sun sauko ba. Makarantar da ke horar da masu hasumiya da masana yanayi na ƙasashen hukumar, EAMAC, a Yamai take tun 1963. In ka sauka Dakar ko Duwala ko Antananaribo, akwai kyakkyawan zato muryar da ta yi wa matuƙinka jagora a Yamai ta yi karatu. Wannan abin alfahari ne da ba mu cika faɗa ba. Daga filin kuma ake sakin balan-balan mai ɗauke da na'urar auna zafi, laima da iska har can sama, kuma a 2006 masana daga ƙasashen waje sun kafa na'urori a nan shekara guda suna nazarin ƙura da damina.

Filin ba na farar hula kaɗai ba ne. Sansanin sojan sama na 101, wanda mutanen gari ke kira Eskadiri, titi ɗaya suke amfani da shi da jiragen fasinja. A nan sojojin Faransa da na Amurka suka zauna shekaru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe sararin saman ƙasar ranar 6 ga Agusta, aka sake buɗe shi ga jiragen fasinja ranar 4 ga Satumba. Sojojin Faransa na ƙarshe sun fita a watan Disamba na wannan shekarar, na Amurka suka bar sansanin a Yulin 2024. Air France ta daina zuwa tun Agustan 2023, saboda haka mai zuwa Turai yanzu sai ya bi ta Kazablanka da Royal Air Maroc, ko Istanbul da Turkish Airlines, ko wani zangon. Ethiopian tana kai mutane Adis Ababa su wuce Asiya, ASKY kuma ta haɗa mu da Lome da garuruwan bakin teku. Abin da zaman sansanin ke nufi ga fasinja ɗaya ne: kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto ta taga ko a filin tsayawar jirage. Za a iya karɓe wayar, kai ma a tsayar da kai.

Lokacin aikin Hajji filin yakan sake kama. Hukumar COHO mai kula da Hajji da Umra, da kamfanonin jigilar alhazai suna tara dubban maniyyata daga jihohi, da yawansu ba su taɓa shiga jirgi ba, kuma jiragen na haya ne, awarsu takan motsa. Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin waɗannan makonni ya ƙara awa ɗaya a kan lissafinsa saboda cunkoson hanya da na ƙofa.

An kira mu ƙarfe ɗaya da rabi. Sabon ginin yana da gadar da ke manne da ƙofar jirgi, ko da yake wani lokaci mota ce ke kai mutane gindinsa, gwargwadon inda ya tsaya. Jirgin ya bi ta gefe har ƙarshen yamma, ya juyo ya fuskanci gabas kamar yadda iskar Janairu ta hukunta. Da sanyin dare bai wuce rabin titin da yawa ba ya ɗaga. Da ya karkata arewa an ɗan hango fitilun gari da duhun kogi a tsakiyarsu, minti biyu ko uku, sai hazo ya haɗiye su. Kazablanka kusan awa huɗu ce daga nan.

Dawowa ta fi sauƙi, amma tana da nata tsari. Ana fara nuna katin rigakafi, sannan ƴan sanda, inda baƙo zai nuna biza da adireshin masaukinsa, sannan wurin karɓar kaya. Akwatunan kasuwa kamanninsu ɗaya, baƙaƙe da shuɗaye, saboda haka ɗaura ƙyalle mai launi a hannun naka, kuma ka gwada lambar da ke jikinsa da ta ƴar takardarka kafin ka ja. In bel ya tsaya naka bai fito ba, kada ka fita daga zauren. Ka je teburin kayan da suka ɓata a cika maka takarda, a ba ka lambar bincike. Wanda ya fita ba tare da ita ba ya raunana ƙararsa da kansa. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa, akwatin da ya fashe ana kai kukansa a rubuce cikin kwana 7, wanda ya makara cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi, in kuma ya kwana 21 bai zo ba ana lissafa shi a matsayin ɓatacce, a shiga maganar diyya. Saboda haka magani, takardu, kuɗi da kayan sawa na kwana ɗaya a jakar hannu suke zama.

Ƴan duwan suna haska kaya a hanyar fita. Tsaraba ba ta da magana, amma wayoyi ashirin a kwali ko turamen zane masu yawa kayan kasuwa ne, a zo da takardar saye a shirya biya. Canjin Yuro ba ya motsi, sefa 655.957 ne, don haka mai Yuro ya san abin da ya kamata a ba shi, Dala ce ke hawa da sauka. A waje masu tura kaya da masu taksi za su taso. Ka yi ciniki kafin a ɗora akwati, a faɗi kuɗin a fili, jikka nawa, kuma na mota ne gaba ɗaya ko na mutum ɗaya. Direban da ya ɗauke ni ya tambaya, "Malam, gida za mu ko tasha?" Tambayar tana kan hanya, don motocin Tawa, Maraɗi da Damagaram da asuba suke tashi, kuma wanda jirginsa ya sauka ƙarfe ɗaya ko biyu, in ya sa an yankar masa tikitin mota tun jiya, yana iya wucewa tasha kai tsaye ya yi sallar asuba a can. Na ce masa tasha. Gari bai gama wayewa ba motarmu ta sake biyowa ta gaban filin, shingen yana hannun hagu wannan karon, muka nufi Dosso.